Babba da Littafin Yaro: Tarihin Karatun Turanci a Azuzuwan Manya na Ƙasar Ƙaraye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi tarihin ilmin manya a ƙasar Hausa zai tarar an fi mai da hankali ga tambaya guda, watau yadda za a koya wa babba karatu da rubutu da harshensa. Akwai wata tambaya da take biye da wannan, wadda ba ta sami irin wannan kula ba. Idan babba ya iya karatun Hausa, sa'an nan ya waiwaya ya ga takardun da suke juya rayuwarsa da Turanci aka rubuta su, wane littafi za a miƙa masa?

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan tambaya tun daga zamanin En'e har zuwa yau, tare da ɗaukar ƙasar Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, a matsayin abin misali. Abin da ake nufi da ilmin manya a nan shi ne duk karatun boko da ake bayarwa a wajen tsarin makaranta na yau da kullum, kamar ajin yaƙi da jahilci, da ajin matan aure, da darasin boko da ake haɗa wa almajirai da 'yan koyon sana'a. Za a nuna cewa harshen aji da harshen takarda sun taso tare, daga baya suka raba hanya, kuma littattafan Turancin da aka riƙa bai wa manya don cike wannan giɓi galibinsu an rubuta su ne saboda yara.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Ƙaraye tsohon gari ne mai tarihi a ƙasar Kano, kuma an daɗe ana lissafa ta tare da Rogo, har ma dokar masarautu ta 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashin masarautar Ƙaraye. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Ƙaraye sun haura 140,000, na Rogo kuwa sun haura 220,000. Ƙasar Rogo tana iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina, saboda haka hulɗar mutanenta da kasuwannin Zazzau da na kudancin Katsina ba ta gaza wadda suke yi da birnin Kano ba.

Noma shi ne babbar sana'a. A da gyaɗa da auduga ne amfanin sayarwa, yanzu kuwa masara da dawa da rake da kayan lambu sun fi yawa. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama a 1992 a ƙasar Ƙaraye, ta ƙara wa noman rani da su ƙarfi. Har ila yau a Kusalla, kusa da Ƙaraye, sansanin horar da matasa masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, inda samari da 'yan mata daga ko'ina cikin Nijeriya suke sauka, yawancinsu ba su da harshen da za su yi ciniki da shi sai Turanci.

Wani abin lura kuma shi ne, mutanen wannan ƙasa ba baƙin takarda ba ne. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo da na ilmi, ana karanta Larabci, ana kuma rubuta Hausa da ajami. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda ake kira jahilai a rajistar aji sun riga sun san cewa baƙi yana ɗauke da sauti. Abin da ba su sani ba shi ne baƙaƙen boko da harshen Ingilishi.

3.0 Zamanin En'e: Lokacin da Hausa ta Wadatar

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, sun zaɓi su tafiyar da mulkin ƙasa ta hannun sarakuna, da harshen Hausa, cikin rubutun boko. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Daga gasar da wannan hukuma ta shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

A kan wannan harsashi aka gina Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, bayan da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shawararsa ta gyaran mulkin En'e a Majalisar Arewa a 1950, aka kuma fahimci cewa gyaran ba zai yiwu ba sai talaka ya iya karanta abin da ya shafe shi. Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jami'an da suka ja ragamar aikin. An buɗe azuzuwa a gundumomin Lardin Kano da na sauran larduna ta hannun hakimai da dagatai, ana karatu a zaure ko a inuwar itace, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a Zariya cikin shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha kan lafiya da noma da addini da tarihi, da kuma jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi armashi shi ne, harshen da aka koya a aji shi ne harshen da ɗalibi zai tarar a waje. Manomin Ƙaraye da ya gama ajinsa zai iya karanta sanarwar hakimi, ya duba jarida, ya rubuta wa ɗansa da ya tafi cin rani wasiƙa, ya kuma bi bayanin malamin gona. Ko a Majalisar Dokoki ta Kaduna ana magana da Hausa tare da Turanci. Turanci a wancan lokaci harshen akawu ne da ɗan makarantar Midil, ba ya cikin abin da talaka yake bukata don ya tsira da haƙƙinsa a gundumarsa.

Duk da haka, tun a lokacin an hango cewa wasu manya za su nemi Turanci. A 1957 aka buga Hanyar Taɗi da Turanci, littafin da ya jera maganganun Turanci tare da ma'anarsu da Hausa, sa'an nan a 1965 Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ya fito. Waɗannan littattafai biyu suna da muhimmanci a wannan tarihi, domin sun ɗauki Hausa a matsayin tsani zuwa Turanci, sun kuma ɗauki mai karatu a matsayin mai hankali wanda ya riga ya mallaki harshe guda. Sai dai littattafan dubawa ne, ba na karatu daki-daki ba, kuma ba a bi bayansu da jerin littattafan da babba zai hau mataki-mataki ba.

4.0 Rabuwar Harshen Aji da Harshen Takarda

A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka ƙirƙiro jihohi, Kano ta zama jiha a ƙarƙashin Audu Baƙo. A shekarun da suka biyo baya kotunan En'e da 'yan doka suka koma hannun gwamnati, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo tsari iri ɗaya ga dukan Nijeriya. Ma'aikatun jiha da na tarayya da Turanci suke aiki, don haka takardar da take sauka a karkara ta fara sauya harshe. Fom na neman aiki, da takardar asibiti, da katin banki, da sammacin kotu, da takardar filin gona, duk suka zama na Turanci. Ba wata doka ce ta kori Hausa daga takarda rana ɗaya ba. A hankali abin ya faru, yayin da ikon da yake hannun hakimi da alƙali ya koma hannun ma'aikata waɗanda aka horar da su da Turanci.

A ɓangaren yara an yi tanadi. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka da dama, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. Kamfanonin ɗab'i suka duƙufa wajen buga littattafan Turanci na firamare, saboda a nan kasuwa take. Babba kuwa, wanda ba shi da shekara shida da zai zauna a benci, ba a yi masa irin wannan tanadi ba.

5.0 Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano

A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda ita ce irinta ta farko a tsakanin jihohin Nijeriya, har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da nata gangamin a 1982, ta kuma kafa hukumar ƙasa ta ilmin manya a 1990. Tsarin da ya kankama shi ne na matakai: matakin farko na koyon karatu da rubutu da lissafi da Hausa, sai mataki na biyu wanda ake daidaita shi da manyan azuzuwan firamare, inda Turanci yake shigowa sosai, sai kuma mataki na ci gaba ga mai son ya zauna jarrabawa.

A fannin Hausa an ga amfanin wannan aiki ƙarara. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan da aka fi sani da Adabin Kasuwar Kano suka cika kasuwa, mata da matasa suka zama masu karatu, wasu ma suka zama marubuta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, ta bi ta ajin manya kafin ta kai ga rubuta littafi. Sabon mai karatun Hausa ya sami abin da zai riƙa karantawa don jin daɗi, kuma da haka karatunsa ya zauna.

A fannin Turanci ba a sami haka ba. Da yake an daidaita mataki na biyu da firamare, abin da ya fi sauƙi ga malami shi ne ya ɗauko littafin firamare. Sai ka ga magidanci mai 'ya'ya, wanda yake sayar da buhunan masara a kasuwa yana lissafin riba da ka, an zaunar da shi yana maimaita jimla a kan yaro da ƙwallonsa. Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, kalmomin da yake koyo ba su ne zai tarar a takardar da ta kai shi aji ba. Ta biyu kuwa ta shafi mutunci, domin a al'adar Bahaushe babba ba ya son a gan shi riƙe da abin da ɗansa ya wuce, kuma wanda ya ji kunya a aji sau biyu da wuya ya dawo na uku.

Ana iya kwatanta wannan da abin da ya faru a Onica, inda daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa yaƙin basasa na 1967 'yan kasuwa suka riƙa buga ƙananan littattafan Turanci masu araha, na labarai da na koyon rubuta wasiƙa da na dabarun ciniki, don sababbin masu karatu manya. A can kasuwa ce ta samar wa babba abin karantawa da Turanci. A Kano kasuwa ta yi wannan hidima da Hausa, ta bar Turanci a hannun littafin makaranta.

6.0 Takardun da Suke Gaban Ɗalibi a Yau

Idan ana son sanin littafin da ya dace da ɗalibi, sai a fara duba rubutun da yake cin karo da shi. Manomin Zarewa ko Beli ko Turawa yana sayen takin zamani da maganin feshi, kuma bayanin yadda za a gauraya maganin, da yawan da za a zuba a cikin ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir, galibi da Turanci yake a jikin kwalba. Kuskure a nan yana iya ƙona shuka, yana kuma iya cutar da mai feshi da mai ci. Uwa tana karɓo wa ɗanta magani, ranar lalacewarsa da ma'aunin shansa da Turanci suke. Mai sayen fili ko mai karɓar rance yana dangwala yatsa a kan takardar da wani ne ya karanta masa ita.

Wayar hannu ta ƙara wa wannan bukata nauyi. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba takin tallafi ta hanyar saƙon waya. A 2014 aka shigo da lambar tantance masu ajiya a banki, a ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, sa'an nan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa mutanen karkara karɓar kuɗi ta waya. Saƙon da yake nuna kuɗi sun shiga ko sun fita da Turanci yake zuwa, haka ma saƙon 'yan damfara. Wanda bai iya bambanta su ba dole ya miƙa wayarsa ga wani, ya tona asirin aljihunsa, ko kuwa a cuce shi.

Ɗaliban kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai manomi da ɗan kasuwa masu neman Turancin ma'auni da kuɗi. Akwai matar aure mai son ta karanta katin asibiti ta kuma duba aikin makarantar 'ya'yanta. Akwai almajiri da ya sauke Alƙur'ani, mai ƙarfin hadda, wanda yake son takardar shaida. Akwai kuma saurayi ko budurwa da suka bar makaranta a tsakiya, suna son su koma su zauna jarrabawa. Kashi na ƙarshe ne kaɗai littafin makaranta yake yi wa amfani kai tsaye.

7.0 Siffar Littafin da Ake Bukata

Daga wannan tarihi ana iya fitar da siffofin littafin da ya dace. Da fari, ya kamata abin da ke cikinsa ya zama na manya, harshensa kuwa ya zama mai sauƙi. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Michael West, wanda ya yi aikin koyarwa a Bengal ta ƙasar Indiya a shekarun 1920, ya tsara littattafan karatu waɗanda ake shigo da sababbin kalmomi cikinsu kaɗan-kaɗan, ana maimaita su, kuma a 1953 ya fitar da jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 da aka fi amfani da su. Binciken masana koyar da harshe na baya-bayan nan ya nuna mai karatu yana bukatar ya san kashi 95 zuwa 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Haka kuma taron ministocin ilmi da UNESCO ta kira a Tehran a 1965 ya jaddada cewa a ɗaura karatun babba a kan sana'arsa. Idan aka haɗa waɗannan biyu, abin da zai fito shi ne ɗan littafi kan feshin gona, ko awon ciki, ko ajiyar banki, wanda aka rubuta da ƙididdigaggun kalmomi, aka kuma sa hoton takardar gaske a ciki.

Na biyu, ya kamata Hausa ta zama tsani, kamar yadda aka fara a 1957. Bahaushe ya riga ya mallaki kalmomin Turanci masu yawa cikin rigar Hausa, irin su asibiti, likita, banki, kotu, lita, rasit, tikiti, ofis da mota. Littafin da ya fara da waɗannan, ya nuna wa ɗalibi yadda ake rubuta su a harshensu na asali, ya fara ne daga abin da ɗalibi ya sani.

Na uku, sai a kula da wuraren da Hausa da Turanci suka saɓa. Rubutun Hausa yana bin furuci kusan sau da ƙafa, na Turanci kuwa ba haka yake ba: wasula biyar ne a rubuce, amma sautukansu sun kai wajen ashirin. Harafin c da ɗalibi ya saba da shi a cikin ciki da cuta, a Turanci wani lokaci k ne, wani lokaci s. Bahaushe yana haɗa sautin p da f, yana kuma saka wasali a tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, kamar yadda aka samu burodi da fursuna. Littafin da aka rubuta don yaron Ikko ko na Ingila ba zai tsaya a kan waɗannan wurare ba, domin ba nan ne matsalar mai karatunsa take ba.

Na huɗu, akwai bukatar abin karantawa bayan an tashi daga aji. Darasin NORLA da na Adabin Kasuwar Kano shi ne, karatu ba ya zama sai an sami abu mai araha, mai daɗi, wanda yake zuwa a kai a kai. Gajerun labarai da Turanci mai sauƙi, waɗanda suka faru a kasuwa ko a bakin madatsar ruwa ko a tashar mota, da Hausarsu a shafin da yake kallonsu, za su yi wa Turancin babba abin da littattafan soyayya suka yi wa Hausarsa. Malaman azuzuwan da ɗaliban jami'a masu nazarin harshe su ne suka fi cancanta su tattaro takardun da ake amfani da su a waɗannan garuruwa, su ƙididdige kalmomin da suka fi yawa a ciki, don a san inda za a fara.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Yaƙi da Jahilci ya yi nasara a lokacin da harshen aji ya dace da harshen takarda, da yadda sauye-sauyen mulki daga 1967 suka mai da takarda ta Turanci, da kuma yadda aka cike giɓin da littattafan yara. Wannan ba ya nufin a rage wa Hausa matsayi a ajin manya. Da ita ake fara karatu, kuma haƙƙin jama'a ne a matsa wa hukumomi da kamfanoni su riƙa sa bayanin magani da na taki da na banki da Hausa. Amma kafin a kai ga haka, manomin Rogo da matar aure ta Ƙaraye suna riƙe da kwalba da waya da fom waɗanda ba sa jiran kowa. Aikin da Hukumar Talifi da NORLA suka yi wa Hausa, watau rubuta wa babba littafi daidai hankalinsa da kuɗin aljihunsa, shi ne aikin da ya rage a yi wa Turancin ajin manya, kuma masana harshe da malaman ilmin manya na jami'o'in Kano da Zariya suna da kayan aikin da za su fara shi.